Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha

A Arlit aka haife ni, a unguwar ma'aikatan kamfani da muke ce wa Site. Iyayena mutanen Damagaram ne. Baba ya zo neman aiki tun yana saurayi, ya samu tuƙin kar, babbar motar nan da ke kwasar ma'aikata da sassafe ta kai su bakin ramin uraniyom, ta maido su da yamma. Gidanmu ɗaki uku ne na siminti, da pampo a tsakar gida, da wuta, da firigo. A garin da zafi ke fasa wa mutum leɓe, firigo ba ƙaramin abu ba ne. Matan cikin gari, waɗanda mazansu ba su aiki a kamfani, sukan zo neman ƙanƙara, kuma ban taɓa ganin Inna ta maida wata da kwano wofi ba.

Ni ce ɗiyar fari a wurinta. Saboda haka ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido a gaban mutane, kuma ba mu zama mu yi hira. In za ta kira ni sai ta ce, "Ke." Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga kowace uwa tana yi da ɗan farinta.

Doguwa ce, ƙaƙƙarfa. Duk bikin da za a yi a Site, aure ko suna, ita ake kira ta riƙe tukunya. Ta san yawan gishirin da rabin buhun shinkafa ke ci ba tare da ta auna ba. Tana da dariya mai ƙarfi, wadda in ta yi a layinmu ana jiyowa a layi na uku. Aminiyarta ita ce maƙwabciyarmu, wata Ba'abziniya daga wajen Dannet, wadda mijinta ke gadi a kamfani. Kullum bayan la'asar takan shigo da ɗan murhunta na waya da butar shayi, su zauna a inuwar bango sai sun sha na farko da na biyu da na uku. Hausarta kowa namiji ne. Takan dube ni ta ce, "Innarki ya fi kowa iya tuwo, ke ba ya iya komi."

Haihuwar Inna tara, bakwai muka rayu. Autarmu ta zo da girma, aka kwana biyu ana naƙuda. Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin.

Ba a yi wata uku da haihuwar ba aka yi bikin aure a layin bayanmu. Ina wurin ina yanka albasa tare da sauran ƴammata. Shinkafa ta nuna, Inna da maƙwabciya suka naɗe hannuwa da tsumma suka kama kunnuwan tukunyar za su sauke. Sun ɗaga ta ke nan wata mata ta faɗi abin dariya a kan uwar ango. Inna ta fashe da dariya da tukunya a hannu, sai na ga dariyar ta yanke mata lokaci guda. Suka dire tukunyar. Ta tsaya cik, ƙafafu a haɗe, tana kallon ƙasa. Akwai bokitin ruwan wanke-wanke kusa da ita. Ta sunkuya kamar za ta matsar da shi, sai ta kifar da shi a jikinta, ruwan kumfa ya jiƙa mata zane daga ƙugu har idon sawu.

Mata suka yi ta yi mata sannu. Ta ce hannunta ne ya zame, bari ta je ta sauya zane. Ta tafi, ba ta dawo ba. Ni abin da ya dame ni ranar, uwata ta yi ɓarin ruwa a gaban ƙawayena kamar ƙaramar yarinya. Sai bayan shekaru masu yawa na gane cewa fitsari ne ya kufce mata a gaban mutane, ta ɓoye shi da ruwan wanke-wanke. Tukunyar nan ita ce ta ƙarshe da ta riƙe a gidan biki.

Daga nan abubuwa suka yi ta sauyawa a gidanmu, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya haɗa su wuri guda. Ta ɗaura igiya a lungun bayan ɗakin girki, inda take shanya wasu tsummoki, ta rufa tsohon zane a kansu. Turaren wuta ya yi yawa a ɗakinta har ido na yaji. Ta bar zama a kan kujerun falo, ta samo wata tabarmar roba ta zama wurin zamanta. In an faɗi abin dariya sai ta danne baki, ta matse cinyoyi, ta kau da kai. In za ta yi salla sai ta yi alwala, ta sauya zane, ta tayar, wani lokaci tana ɗagowa daga ruku'u sai ta sallame ta koma bayi, ta sake daga farko. Azahar ɗaya takan ci mata rabin awa. Ta bar zuwa Idi. Ta bar kwana a ɗakin Baba, ta ce auta tana da rigima. Auta ta girma, ita ba ta koma ba.

Wata rana na shiga ɗakinta ɗaukar tsintsiya, na ce, "Inna, ɗakin nan zarni yake yi."

Ta ce, "Ƙanwarki ce. Fitar da katifar a rana."

Na fitar. Katifar auta a bushe take, amma ban tsaya tunanin komi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu shi ne ruwa. Ta bar shan shayi tukuna. Maƙwabciya ta shigo da murhunta, Inna ta ce shayi na sa mata ƙwannafi. Matar ta yi kwana uku tana zuwa tana dafawa tana sha ita kaɗai, daga baya ta riƙa zuwa hannu sake su zauna kawai. Sai ta rage ruwa. A watannin zafi, lokacin da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, Inna kan cika wa mutane kwanoni da ƙanƙara, ita kuma ta tsoma yatsu a ruwa ta shafa wa leɓe. In za ta fita, ko da kasuwa ce, tun daga jiya take daina sha. Mun ɗauka juriya ce. Har yabon ta muke yi da azumi, muna cewa Inna ba ta jin ƙishirwa.

Matan Site kuwa nasu fassarar daban. Suka ce tun da aka ba Baba sabuwar kar ta fara ɗaga kai, ba ta shiga mutane. Aka kira ta biki biyu, uku, ta ƙi, sai aka bar kiran ta. Baba ya riƙa daɗewa a fada wurin abokansa, sai lokacin barci yake shigowa. Ba su faɗa. Magana ce kawai ta ragu tsakaninsu har ta koma ta cefane da ta yara.

Ina da shekara goma sha bakwai aka bugo tarho daga Damagaram cewa Kaka, mahaifiyar Inna, tana kwance, kuma tana ta kiran ta. Baba ya yanko tike a ranar. Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane ba. Daga Arlit zuwa Agadas kwalta ta farfashe, sai a yini ana girgiza, daga can kuma a miƙi wata doguwar hanyar. Direba ba ya tsayawa sai lokacin salla, a fili fetal, ba itace ba tudu. Maza su juya baya nan kusa, mata su yi ta tafiya cikin rairayi, kuma duk nisan da suka yi ana hango su daga taga.

Ni na raka ta tasha da jakarta. Ta sa zane biyu da wani baƙin mayafi babba. Tun jiya ba ta sa ruwa a baki ba. Motar cike take da ƴan kasuwa da ma'aikata masu tafiya hutu, da yawansu sun san Baba, suna ta gaishe ta. Kujerarta a tsakiya take, tsakanin wani dattijo da wani soja. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, kowa ya shige ya bar ta.

Mai duba tike ya ce, "Iya, hau mana, ke muke jira."

Matakin motar yana da tsawo. Ta kama ƙarfe, ta ɗaga ƙafa, ta yunƙura. Na ga fuskarta ta sauya. Ta sauko da ƙafar a hankali, ta ja mayafin ta rufe bayanta.

Ta ce, "Ke, mu koma gida."

Na ce, "Inna, Kaka fa?"

"Na ce mu koma."

Muka tako da ƙafa, ta ƙi hawa kabu-kabu. Tana gaba ina baya da jaka a kai. Da Baba ya dawo da yamma ya same ta a tsakar gida, ya tsaya da hularsa a hannu.

Ya ce, "Mahaifiyarki ce fa. Me zan ce wa mutanen gida?"

Ta ce, "Ka ce masu ba ni da lafiya."

"Me ke damun ki?"

"Jiri."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya shige ɗaki. Bayan kwana huɗu Kaka ta rasu. Yayar Inna, wadda muke kira Iya Babba, ta aiko da saƙo cewa tun da ba ta zo jinya ba, ta'aziyyar ma ta riƙe abarta. Inna ta yi zaman makokinta a kan tabarmar roba, mutane kaɗan suka zo. A rana ta uku, da gida ya watse, na tsaya a kanta na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta. Na ce, "Da ni ce a kwance can, haka za ki yi mini?" Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jan carbinta.

Na bar Arlit da wannan fushin. Na yi karatun malanta a Tawa, aka ba ni aji a wata lakkol, makarantar boko, a can, na yi aure. Ba ta zo bikina ba, ba ta zo sunan ƴaƴana ba, sai dai ta aiko da kaya: yaji, da turare, da zannuwan goyo da ta ɗinke bakinsu da hannu. Dangin mijina sun yi ta tambaya har suka gaji. Ni kuma nakan je Arlit sau ɗaya a shekara biyu, in gaishe ta, in yi kwanakina, in dawo.

Bayan haihuwata ta uku, da na koma aiki, wata safiya ina goge allo sai ƙurar alli ta shige mini hanci. Na yi atishawa sau biyu. A ta biyun na ji ɗumi yana bin cinyata. Yara suna zaune sun zuba mini ido, suna jiran in rubuta darasi. Na ja jiki na tsaya bayan tebur, na ce kowa ya buɗe littafinsa ya yi karatu a zuci. Akwai gorar ruwa a kan teburin. Ban san lokacin da hannuna ya kai kanta ba, har na buɗe murfin zan tuntsurar da ita a jikina. A nan na tsaya, da murfi a hannu, na tuna bokitin wanke-wanke. Na tuna igiyar bayan ɗakin girki, da katifar auta, da matakin mota. Har aka buga ƙararrawar fita ban motsa daga bayan teburin ba.

Kwana goma na yi ina fama da kaina kafin na je asibiti wurin sajifam, ungozomar da ta karɓi haihuwata. Dattijuwa ce mai saurin magana. Na yi ta kewaye-kewaye, ta katse ni.

Ta ce, "In kin yi tari ko dariya yake zubowa? Madam, ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa suna nan da shi, sai dai ba su faɗa."

Ta duba ni, sannan ta yi mini bayani da tafin hannunta. Ta ce akwai wani nama a can ƙasan mara wanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa, kamar yadda hannu ke tallafe ƙwarya. Haihuwa da ɗaukar kaya masu nauyi suna sassauta shi, amma nama ne, in ana motsa shi yana ƙarfi. Ta ce in riƙa matse shi kamar mai hana iska fita a cikin mutane, in ƙirga biyar, in saki, sau goma, safe da rana da dare, a zaune ko a kwance, ba lokacin da nake fitsari ba. Ta ce sai na yi haƙuri, abin na ɗaukar watanni.

Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Kuma kada ki kuskura ki rage shan ruwa. Duk abin da suke yi ke nan, su ƙi ruwa, fitsarin ya yi kauri, ciwon mara ya kama su, ya yi ta dawowa har ya hau ƙoda."

Na yi abin da ta ce. Ina ƙirgawa a kan kabu-kabu, ina ƙirgawa ina gyaran takardun yara. Cikin wata huɗu abin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai tafi duka ba.

Da aka yi babban hutu na tafi Arlit. A lokacin Baba ya ajiye aiki, sun maida wa kamfani gidan Site, sun koma wani gidan ƙasa a bakin gari inda ake sayen ruwa a bido, wato jarka. Maƙwabciyarmu ta daɗe da komawa Dannet bayan rasuwar mijinta. Na tarar da Inna ta rame, leɓenta sun yi baƙi, ƙafafunta sun kumbura, tana tafiya tana dafe kwiɓi. Ƙannena suka ce zazzaɓi ne ke zuwa mata yana tafiya, da ciwon baya, ta ƙi asibiti.

Na kwana biyu ina neman ta inda zan fara. Ɗiyar fari ba ta tambayar uwarta irin wannan. A rana ta uku da hantsi na same ta ita kaɗai tana tsintar wake a faifai. Na zauna gefenta, ina kallon bango.

Na ce, "Inna, akwai abin da ya same ni bayan haihuwar nan."

Ba ta ɗago ba. Na faɗa mata duka, da allo, da atishawa, da maganar sajifam. Ina magana tana tsinta.

Da na gama ta ce, "An ba ki magani?"

"Ba magani ba ne. Wani motsi ne ake yi da naman wurin."

"Ya tsaya?"

"Ya ragu sosai."

"A wata nawa?"

"Huɗu."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta ce, "Wata huɗu." Ta sake cewa, "Wata huɗu." Can ta ce, "Ni tun auta."

Na ce, "Na sani, Inna."

"Ba ki sani ba."

Ranar ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi mini ba tun da ta haife ni, kuma duk tsawonta wake take kallo. Ta ce da farko sai ta yi dariya ko ta ɗaga abu, daga baya ko miƙewa ta yi sai ya zubo, kuma shekarun nan tana jin wani abu yana saukowa ta ƙasa, sai ta kwanta yake komawa. Ta ce ta taɓa zuwa asibiti sau ɗaya, ta bi layi, da ta shiga sai ta tarar mai duba marasa lafiyar namiji ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda Baba ke ɗauka a kar. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi abin da ke damun ta, ta ce ciwon kai. Ya ba ta ƙwayoyi ta dawo. Ta ce maƙwabciya ta gane tun ranar tukunya, don ita ta sha gabanta ta kare ta daga idon mata, amma har suka rabu ba wadda ta furta wa ƴar'uwarta. Sai dai matar takan kawo mata saiwoyi daga daji ta ajiye ta ce na sanyi ne.

Sannan ta ce, "Duk wannan ba komi ba ne. Salla ce. Shekara goma sha tara ban san ko ina da salla ɗaya mai kyau ba. Ina ramawa, ramuwar ma a cikinta yake zubowa."

Washegari na je wurin wata malama da ke karantar da matan unguwar, na tambaye ta ba tare da na ce wa nake nufi ba. Ta ce wannan ai sanannen hukunci ne. Wadda abu ke zubo wa yawancin yini ba da son ranta ba mai lalura ce, ba ya karya mata alwala. Ta yi tsarki, ta sa ƙunzugu mai tsabta, ta yi alwala in lokaci ya yi, ta yi sallarta ko da ya zubo. Na dawo da sauri ina zaton albishir na kawo. Inna ta saurare ni har ƙarshe. Ba ta yi murna ba.

Ta ce, "Gidan malamar nan da nan ko taku ɗari babu." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Da ƙyar ta yarda muka je asibiti, sai da na tabbatar mata mace ce za ta duba ta, kuma zan tsaya a waje. Aka ce mahaifa ce ta sauko, irin motsin da aka koya mini ba zai ishe ta ba yanzu, sai aiki. Aka ɗebi jini da fitsari. Likita ya ce ƙodojinta sun gaji, jininta ya hau, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. Ya ce mu zaɓa, ko Yamai ko Damagaram. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Damagaram."

Na shiga farmasi na sayo kush na manya, ƙunzugun nan na zamani. Ta juya ledar a hannu, ta ce, "Abin jarirai za ki sa mini?" Na ce na tafiya ne kawai. Ta ajiye a ƙarƙashin filo. Ranar tafiya ban tambaye ta ko ta sa ba, amma ta hau matakin motar ba ta waiwaya ba. Na samar mata wurin taga. Duk awa nakan miƙa mata gora, ta karɓa, ta jiƙa leɓe, ta maido. Na ce likita ya ce ta sha da yawa. Ta ce ta sani, maƙogwaron ne ya manta.

Iya Babba ta tarbe mu a tsaye. Ta ce, "Kun zo lafiya? Ai mun ɗauka hanyar Arlit ta toshe." Inna ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyyar da ta makara shekara goma sha shida. Ta nemi a nuna mata ɗakin Kaka. An maida shi ma'ajin hatsi, buhuna har rufi. Ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe, ta dafa ƙyauren, sannan ta dawo ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarmar da aka shimfiɗa mata.

Tun a hanya ta gargaɗe ni kada in faɗa wa kowa. Na riƙe kwana biyu. A na uku na ga Iya Babba ta aika mata da abinci ta hannun jika maimakon ta kai da kanta, sai na bi ta wurin wanke-wanke na faɗa mata. Ta saki kwanon da ke hannunta cikin ruwa, ta nemi turmi ta zauna.

Ta ce, "Iyarmu shekara nawa tana fama da shi. Ni ke wanke mata tsummokin, in shanya a cikin ɗaki. Ko mijina bai sani ba." Ta share hannu da bakin zane. "Da ta zo a jiƙe, wa zai ce mata wani abu a gidan nan?"

Ta tashi ta shiga ɗakin da Inna take. Ban bi ta ba, kuma ban ji abin da suka ce ba. Sun daɗe. Tun daga ranar kwano ɗaya suke ci. Ni kuwa Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

A babban asibiti suka ce aikin mai yiwuwa ne, kuma mata da yawa suna samun sauƙi da shi, amma ba za su taɓa ta ba sai ƙoda da jini sun daidaita. Suka ba ta magunguna, suka ce ta dawo bayan wata uku. Ta dawo, ba su daidaita ba. Ta ce a maida ta ɗakinta a Arlit. Ta yi wata takwas bayan wannan. Ƙannena sun ce ta je Idin babbar salla a shekarar, ta tsaya a sahun ƙarshe, can gefe. Ta rasu wata safiya cikin bazara. Ina Tawa aka bugo mini, kafin in iso an kai ta.

A zaman makoki mata suka yi ta cewa ruwan garin nan ne, wasu suka ce ƙurar rami ce, haka ake cewa duk wanda ƙoda ta kashe a Arlit. Ban san gaskiyar wannan ba, ba ni da ilimin da zan ce e ko a'a. Na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka tafi, na kai wa Baba fura a zaure. Ya ce in zauna. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Na yanke shawarar in faɗa masa, don kada ya mutu yana zaton gudun sa ta yi.

Na ce, "Baba, akwai lalurar da Inna ta ɓoye."

Ya ce, "Na sani. Tun shekarar farko na sani."

Na dube shi.

Ya ce, "Mutum ya zauna da mace shekara arba'in bai san abin da ke jikinta ba? Na ce in na yi magana kunya za ta kashe ta. Na ce bari ta faɗa da kanta, sai in kai ta duk inda ake magani. Kullum ina cewa gobe za ta faɗa. Ranar da ta dawo daga tasha, da na ce me ke damun ki, na so ta faɗa. Da ta ce jiri, sai na ga kamar ta rufe ƙofa, ni kuma ban tura ba."

Ya ɗaga kwanon furar, ya ajiye bai sha ba.

"Ta san na sani?"

Na ce, "Ba ta taɓa ce mini ba."

Ya gyaɗa kai. Aka kira la'asar, ya laluba takalmansa ya fita. Mun yi ta roƙon sa ya koma Damagaram cikin dangi, ko ya biyo ni Tawa, ya ƙi. Yana nan a Arlit har yanzu, ƙanwata ta uku ce ke kai masa abinci, kuma bai sake tayar mini da maganar ba.